Karen Gadi a Garkar Saga: Jan Ƙwaron Ciyawa da Maganin da Ya Fi Cutar Illa

Karen namiji ne, irin na gida mai gajeren gashi, shekararsa uku, nauyinsa kilo 18. Aikinsa gadin wata garka a Saga, bakin kogin Isa a Yamai, inda ake noman salati da kabeji da zogala. Da rana yana ɗaure a gindin mangwaro kusa da hanyar ruwa, da dare a sake shi. An kawo shi wurin likitan dabbobi a ƙarshen Satumba, ruwa ya fara ɗaukewa amma ƙasar bakin kogi ba ta bushe ba. In ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya koma ya kwanta. Ƙafafunsa huɗu da mararsa sun yi baƙi ƙirin da man inji, jikinsa na tashin warin magani.

Kwana goma kafin nan ne yaron da ke kula da garkar ya lura karen na cizon ƙafafunsa, yana lasar tsakanin yatsu ba hutawa, yana goga kunne a jikin itace, yana jan ciki a ƙasa. Cin abincinsa bai ragu ba. Mai garkar ya ce ƙazuwa ce, aka shafa masa baƙin mai sau biyu cikin mako guda. Susa ta ƙaru. Sai aka ɗauko maganin kaskar shanu, amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, aka cika ƙaramin kofin shayi, wajen mililita 50, aka juye a ruwa lita biyar, aka yi masa wanka daga wuya zuwa wutsiya. Kansa kaɗai ba a taɓa ba, don yaron na tsoron cizo. Kafin la'asar kare ya yi amai ya kwanta.

Tambaya ta fito da abu biyu masu amfani. Yaron shi ma yana da ƙuraje masu ƙaiƙayi a idon sawu da kuma ƙugu, daidai inda mazagin wando ke matsewa, alhali ba ya taɓa karen da hannu. Akwai kuma wata karya a garkar, wadda take ɗaure a dandamalin siminti gefen injin ban-ruwa, ba a sakinta cikin ciyawa. Karen na zuwa ya kwanta jikinta da dare, amma ita ba ta susa.

A duk kwana goman nan babu wanda ya buɗe yatsun karen ya duba. A gidajenmu da yawa kare abin ajiyewa ne daga nesa: a miƙa masa tuwo, a ɗaure, a kwance. Ba laifi ba ne mutum ya ƙi taɓa yawunsa, amma safar hannu ta roba da takunkumi na igiya sun isa a duba dabbar da aka ɗora wa gadin dukiya. Da an yi haka a rana ta biyu, da abin bai wuce aikin minti goma ba.

Guba tukuna, ƙaiƙayi daga baya

Zafin jikinsa digiri 37.1 ne, alhali na kare mai lafiya tsakanin 38 ne da 39.2. Zuciya na bugawa sau 52 a minti, maimakon 70 zuwa 120. Baƙin idonsa ya buɗe, ciki ya ɗan kumbura kuma ba a jin motsin hanji. Wannan hoton gubar amitraz ne. Ƙa'idar haɗa mai ƙarfin 12.5 ita ce mililita 2 a lita ɗaya ta ruwa. An zuba masa mililita 10 a kowace lita, ninki biyar ke nan, a kan fatar da susa da baƙin mai suka riga suka ɗaye, sannan ya bi da lasa.

Sa'ar da aka yi ita ce mai garkar ya zo da kwalbar. Duk wanda dabbarsa ta faɗi bayan wankan magani, ya taho da kwalba ko da babu komai a ciki, domin makarin ya bambanta. Da piya-piya aka yi amfani, da an ga dalala, da makyarkyata, da zawo, da baƙin ido ya tsuke, kuma atropin ne makarinsa. Ga amitraz kuwa atropin na ƙara tsayar da hanji, yana iya hau da jini. Makarin amitraz atipamezol ne ko yohimbin. An yi masa allurar atipamezol a tsoka, miligiram 0.05 a kowane kilo, wato miligiram 0.9, wanda ya kama mililita 0.18 na ruwan mai miligiram 5 a mililita. Cikin minti ashirin ya ɗaga kai, bugun zuciya ya haura 80. An sake allurar bayan awa huɗu da kasalar ta fara dawowa, don makarin na riga gubar barin jiki.

Wankin ya ɗauki lokaci. Baƙin mai ba ya fita da ruwa kawai, kuma fetur ko kananzir ƙuna za su ƙara. An murza man gyaɗa a wuraren har baƙin ya saki, aka goge da tsumma, aka wanke da sabulun kwanuka na ruwa, aka ɗauraye, har zagaye uku. Ruwan mai ɗumi-ɗumi ne: mai sanyi zai ƙara saukar da zafin jikin da ya riga ya sauka, mai zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, guba ta ƙara shiga. Aka tsane shi, aka lulluɓe da bargo.

Abin da aka gani a kunne

Kafin ruwa ya kai kansa an duba shi da fitila da madubi mai ƙara girma, tunda nan kaɗai ne mai da magani ba su taɓa ba. A gefen kunnen kare ta waje, can ƙasa kusa da gindi, akwai ɗan aljihun fata mai ninki biyu. Da aka buɗe na dama da ɗan yatsa sai ga ɗigo-ɗigo ja mai ruwan lemo, sun taru wuri guda kamar an barbaɗa garin tattasai, fatar ƙarƙashinsu ta yi ja ta kumbura, gefen ya yi ɓawo. An sami irinsu a kunnen hagu da gefen fatar ido. Ba sa gudu in an taɓa, ba sa tsalle, kuma hura iska ba ta ɗaga su.

An ɗiga man parafin a kan reza maras kaifi, aka kankaro kaɗan daga sama, aka ɗora a gilashin gwaji. A mikroskop an ga ƙwaro mai siffar ƙwai, ƙafa shida dogaye, jikinsa da gashi mai rassa, tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Ana duba irin wannan nan take, domin launin na dusashewa in ya jima a cikin mai. Jaririn ƙwaro ne na dangin Trombiculidae, wanda za mu kira jan ƙwaron ciyawa. A takardar likita sunan cutar da ake rubutawa shi ne trombiculose.

Sanin rayuwar ƙwaron nan shi ke gyara magani. Manyansa masu ƙafa takwas a cikin ƙasa suke zaune, suna cin ƙwan ƙananan ƙwari, ba ruwansu da dabba. Macen na yin ƙwai a ƙasa mai danshi. Jaririn da ya ƙyanƙyashe, shi kaɗai ke bukatar jikin mai rai, sau ɗaya tak a rayuwarsa. Yakan hau kan ciyawa ko busasshen ganye ya jira ɓera, tsuntsu, ƙadangare, kare ko mutum. In ya samu sai ya nemi inda fata ke da laushi: tsakanin yatsun dagi, hammata, mara, matsematsi, aljihun kunne, gefen ido. Ba ya huda fata ya shige ciki, ba ya kuma shan jini. Yawu yake zubawa mai narkar da naman fata, fatar ta taurare kewaye da yawun ta zama ɗan siririn bututu, ta nan yake tsotsar abin da ya narke. Bayan ƴan kwanaki, galibi uku zuwa biyar, ya ƙoshi ya faɗi ƙasa ya ci gaba da girma. Ba ya haihuwa a jikin kare, ba ya zama a ɗaki.

Bututun nan da yawun da ke cikinsa su ke zama a fata bayan ƙwaron ya tafi, su ne jiki ke faɗa da su. Shi ya sa ƙaiƙayi kan kai mako ɗaya zuwa biyu ba tare da ko ƙwaro ɗaya ya rage ba. Karen da kullum ake mayarwa wuri guda kuwa, sababbi ke hawansa kowace rana, sai a ga kamar cuta ce da ta ƙi jin magani.

Irin da aka fi nazari a kan karnuka shi ne Neotrombicula autumnalis na Turai, mai fitowa daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka. A Asiya wasu ƴan dangin na ɗauke da zazzaɓin da ƙwayar Orientia tsutsugamushi ke jawo wa mutane. Dangin na da yawa a Afirka ma, a jikin ɓeraye da tsuntsaye da ƙadangaru, kuma abin da suke so ɗaya ne ko'ina: ɗumi, inuwa da laima.

Abubuwan da aka kawar

Ganin ƙwaro ɗaya ba ya hana a sami na biyu, don haka an bi sauran. Ƙazuwar kare ta fi cin bakin kunne, gwiwar hannu da ƙirji, ƙwaronta ba ya ganuwa da ido, kuma tana yaɗuwa da sauri tsakanin karnukan da ke kwana tare. Lafiyar karyar nan hujja ce babba. An kankari wuri biyar ba a ga ƙwaron ƙazuwa ba, an kankara da zurfi har jini ya tsatso don neman Demodex, wani ƙwaron da ke zama cikin ramin gashi, shi ma babu. An taje bayansa da gindin wutsiya a kan farar takarda mai laima, ba a ga kashin ƙuma ba, wanda kan narke ya yi ja.

Wanda ya fi rikitarwa a nan shi ne jaririn kaskar kare, domin shi ma ƙafarsa shida, shi ma yana taruwa a kunne da tsakanin yatsu. Bambancin: launinsa ƙasa-ƙasa ne, ya fi girma kaɗan, bayansa da tauri, in ya sha jini yakan kumbura ya yi duhu, kuma a mikroskop bakinsa na da haƙora jere. An duba ko akwai tsutsar ƙudan nan mai yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, wadda kan yi kumburi irin na maruru da ɗan rami a tsakiya, ba a samu ba. An dai ciro ƙayar ƙarangiya uku daga dagin baya. A wannan lokaci na shekara ƙarangiya kaɗai na iya sa kare lasar ƙafa, amma ba ta kai wa kunne da fatar ido.

A mara da tsakanin yatsu fatar ta ɗaye, tana tsatsar ruwa, da ƙananan ƙuraje masu mugunya. An manna salatef mai haske aka ɗaga, aka rina, aka ga ƙwayoyin bakteriya masu yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini. Matsala ta zama huɗu ke nan a jiki ɗaya: cizon ƙwaro, ƙunar baƙin mai, gyambon da ya kamu, da guba.

Magani

A ranar farko ba a sa masa wani maganin ƙwari ba ko kaɗan. Na kunne da gefen ido an goge su da auduga mai man parafin, sauran za su faɗi da kansu. An umarci a ajiye shi a gida cikin gari, a kan siminti, cikin inuwa, nesa da garka. Wannan kaɗai ya yanke hanyar sababbi.

An aske gashin da ke kewaye da gyambon. Ana wanke shi safe da yamma da kuloreksidin mai rauni, kashi 0.05 cikin ɗari, wato mililita 10 na mai ƙarfin kashi 5 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. A buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a tsane sosai, don laima tsakanin yatsu ita ke raya gyambo. Kada ya shiga ido ko ramin kunne. An ba shi sefaleksin, maganin kashe bakteriya, miligiram 500 safe da yamma, wanda ya faɗa cikin ƙa'idar miligiram 22 zuwa 30 a kilo, na kwana 21. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a daina a rana ta shida da an ga wuri ya bushe, sai mugunya ta dawo, maganin kuma ya rage ci.

Don hana lasa an yanke gindin bokitin roba, aka naɗe bakin da tsumma, aka huda ramuka huɗu aka ɗaure a abin wuyansa, bakin bokitin ya wuce hancinsa da kamar yatsa biyu. In ya gaza haka zai kai ga dagi. Ana cirewa lokacin cin abinci, mutum na tsaye.

Maganin kwantar da ƙaiƙayi, prednisolon, an jinkirta shi zuwa rana ta uku, sai da ya fara ci yana ba-haya, domin amitraz na tayar da sukari, shi ma haka. An ba shi miligiram 10 kowace safiya tare da abinci na kwana biyar, sannan miligiram 5 na kwana biyar, aka tsaya. Ba a ja shi ba saboda yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙar gyambo. Zai sa ƙishirwa da yawan fitsari, don haka kwanon ruwa kada ya bushe. An gargaɗi gidan da babbar murya kada a haɗa masa da ibuprofen ko diklofenak na mutane: suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda, balle a haɗe da prednisolon.

A rana ta biyar mai garkar ya dawo ransa a ɓace.

"Likita, har yanzu fa yana neman ƙafar. Ko dai mu sake wankan, a rage ƙarfin maganin?"

"Alhaji, mu duba tare tukuna."

Aka sa takunkumi, aka buɗe yatsun da aljihun kunne a gabansa. Babu jan ɗigo ko ɗaya, sai ƙananan tabo masu ɓawo. Aka bayyana masa cewa abin da ke damun karen yanzu saura ne a cikin fata, kuma ko an yi masa wanka goma babu abin da za a kashe sai shi karen. Wannan gaɓar ce ta fi haɗari a duk jinyar, domin a nan ne mai dabba ke yanke hukuncin cewa magani bai yi ba, ya koma wa kwalba. Zuwa rana ta tara susar ta kusa ƙarewa.

Sai a rana ta goma, da gyambon ya rufe, aka fesa maganin ƙwari, fipronil mai ƙarfin kashi 0.25. Aikinsa a nan kariya ce kafin a mayar da shi bakin aiki. Ga mai gajeren gashi mililita 3 ne a kilo, wato mililita 54, matsa 36 da kwalbar mililita 250 mai fitar da mililita ɗaya da rabi a kowace matsa. Ana fesawa ana tayar da gashi da hannu mai safa, a fi ba ƙafafu da mara da hammata ƙarfi. Fuska da kunne a fesa a tafin safa a shafa. Ruwan na da barasa: yana zafi a kan ɗanyen gyambo, yana kama wuta, don haka a nisanta shi da murhu da taba har ya bushe. Ba wanka kwana biyu bayan feshi, ba shiga kogi, don maganin na kashe halittun ruwa. Yana kuma kashe zomo. Inda aka samu, ƙwayar haɗiya ta fi sauƙi ga karen da kullum ƙafarsa ke cikin ruwa: NexGard mai miligiram 68 ga kilo 10 zuwa 25 kowane wata, ko Bravecto mai miligiram 500 ga kilo 10 zuwa 20 kowane mako goma sha biyu, amma a yi hattara da kare mai farfaɗiya. Permetrin ma na aiki, sai dai gidan da akwai kyanwa a kiyaye, don ita yana kashe ta.

Dawowar ƙwaron da gyaran wuri

A mako na uku aka mayar da shi garka, aka ɗaure a gindin mangwaron nan dai. Bayan kamar kwana goma yaron, wanda aka koya wa duba yatsu da kunne kowace yamma, ya ga jan ɗigo a dagin gaba biyu. Feshin ya wanke daga ƙafafun saboda raɓa da shiga hanyar ruwa. An goge su, aka wanke ƙafar, aka koma fesa dagi kaɗai kowane mako biyu, jiki duka kuma sau ɗaya a wata. Bai kai ga gyambo ba.

Ƙwaron nan ba ya bazuwa ko'ina a fili. Tungaye yake yi, taki kaɗan ya raba wurin da ya cika da shi da wanda babu. Don gano su an yanka baƙin kwali mai faɗin tafin hannu biyu, aka kafa shi a tsaye a ƙasa da hantsi, aka jira minti goma. A gindin mangwaro, inda ganye ya taru ya ruɓe kuma ruwa ke tsiyaya daga hanya, jajayen ɗigo sun hau kwalin sun taru a bakinsa na sama. Haka ma a gefen shinge inda ramukan ɓeraye suke. A kan yashi mai rana da kan siminti ba a ga komai ba.

Aka share ganyen, aka nome ciyawar har ƙasa, aka sassabe rassan ƙasa don rana ta shiga, aka toshe inda ruwa ke tsiyaya. Tarin shara da ke jikin shinge aka kwashe, aka sa tarkon ɓera maimakon guba, tunda kare na iya cin gubar ko mushen. Ba a fesa maganin ƙwari a ƙasar ba: salati na nan, kogi na kusa, kuma bushewa ta fi feshi aiki a kan wannan ƙwaro. Turken karen aka mayar kan busasshen yashi ƙarƙashin rumfar zana. A wajen garka iskar hunturu kan busar da ƙasa abin ya lafa, amma a ciki ban-ruwan noman rani na riƙe laima, don haka duban yamma bai tsaya da ƙarewar damina ba.

Shi kuma yaron, an ce ya riƙa cusa ƙafar wando cikin safa ko takalmin roba, ya yi wanka da sabulu da zarar ya tashi aiki yana cuɗa idon sawu da ƙugu, ya wanke kayan aikin da ruwan zafi, in ƙurajen suka yi mugunya ya je asibiti. Daga ƙasa ya kwaso nasa, ba daga kare ba.

Cikin mako shida gashi ya fito a mara da ƙafafu, sai ɗan baƙin tabo a matsematsi inda man ya fi ƙonawa. Da aka tambayi takardar rigakafi sai aka tarar ba a taɓa yi masa allurar ciwon haukan kare ba, shi da karyar. An yi musu bayan ya gama shan magungunansa, aka ba su maganin tsutsar ciki, aka rubuta a takardar cewa feshin ƙafa ko ƙwayar haɗiya za a fara tun farkon Agusta, kafin ciyawar bakin kogi ta yi tsawo.